Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Sanyin Ruwan Randa Yake Fitowa?

Tambaya: A ɗakina akwai randa, akwai kuma jarkar roba, kuma ruwan rijiya ɗaya nake zuba musu. Da azahar sai in tarar na jarka ya yi ɗumi, na randa kuwa sanyi ƙalau. Daga ina sanyin yake fitowa? Kuma me ya sa da damina randar ba ta sanyaya ruwa kamar da bazara? Daga wata mai karatu a Haɗeja.

Amsa: Babu wani sanyi da yake shiga randa daga waje. Zafin da ke cikin ruwan ne yake ficewa, randar ce kuma take ba shi hanya.

Yumɓun da aka gasa cike yake da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ki shafa jikin randarki da rana, za ki ji danshi. Ki duba gindinta, za ki ga ƙasar wurin a jiƙe. Ruwa ne yake tsattsafowa a hankali, da ya fito iska ta busar da shi ya zama tururi. To, ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi mai yawa, kuma inda ya fi kusa ya samo zafin nan shi ne jikin randar da ruwan da ke cikinta. Haka gumi yake yi wa jikin mutum idan iska ta kaɗa. Roba kuwa ba ta naso, don haka ruwan jarka zafin ɗakin yake bi, ba shi da mafita.

Ga lissafin. Zafin da lita ɗaya ta ruwa take ci kafin ta bushe ya ninka wanda zai ƙara mata digiri ɗaya fiye da sau 500. Idan randarki tana ɗauke da lita 20, ƙaramin kofi ɗaya kacal, kamar kashi ɗaya cikin biyar na lita, ya bushe ta jikinta, zafin da ya tafi da shi ya isa ya sauke sauran ruwan da kusan digiri 6. A zahiri ba ya kai haka cif, domin iskar ɗakin tana ta mayar da wani zafin ciki. Masanin da ya fara bayyana wannan ɓoyayyen zafi shi ne Joseph Black, a jami'ar Glasgow, a farkon shekarun 1760, alhali magina tukwane sun daɗe suna cin moriyarsa.

Batun damina kuma, laifin iska ne. Da bazara da hunturu iskarmu busasshiya ce, tana shanye danshin randa nan da nan. Da marka kuwa ta riga ta ƙoshi da laima, sai danshin ya zauna a jikin randar ya ƙi bushewa, sanyin ya ragu. Wannan ne ma ya sa dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ta karɓu a ƙasashe masu busasshiyar iska: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, tumatir da gauta su daɗe ba su lalace ba. Ta sama masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Saboda haka kada ki yarda a shafa wa randa fenti ko siminti don kwalliya. Toshe ƙofofin ne, an kashe ta ke nan. Ki ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa, ki riƙa wanke jikinta ciki da waje, domin tsohuwar randa datti da gansakuka kan toshe ta. Ranar da zafi ya tsananta, ki jiƙa buhun algarara ki naɗe ta da shi.