Kafin ka haƙa tafkin kifi a gona: yadda ake gane ko abin zai biya

Duk wanda ke da 'yar gona a bakin fadama, ko ya gaji wani kwari da ruwa ke kwanciya cikinsa da damina, wata rana sai wani ya ce masa, "Alhaji, ai nan wurin kifi ne." Maganar da daɗin ji. Tarwaɗa tana da kasuwa, masu gidajen abinci na nema, masu banda na nema, a Kado ta Abuja kuwa kasuwa guda ce ta kifi. Sai dai haƙa ramin shi ne mafi sauƙi a duk harkar, kuma shi ne abin da ba a iya warwarewa. Gonar da aka shuka wa gero bana ana iya shuka mata wake baɗi. Wadda aka kwashe wa ƙasa tsayin ƙirji ta tashi daga gona.

Saboda haka ga yadda za ka bi, daga gwajin da ba ya cin ko sisi zuwa wanda ke cin 'yan kuɗi kaɗan. Duk matakin da filin ya faɗi, tsaya nan.

Na farko, faɗa wa kanka gaskiyar abin da kake so

Tafkin cin gida daban, tafkin kasuwanci daban. Idan burinka iyali su samu kifin miya, ka samu ruwan ba alayyafo da tumatir da rani, to ƙaramin tafkin karfasa ya isa. Karfasa tana cin ɗanyen koren da ke tsirowa a ruwa in an zuba kashin kaji, a ƙara mata dusa. Matsalarta yawan haihuwa: tafkin ya cika da ƙanana, babu mai girma, shi ya sa ake sakar mata 'yan tarwaɗa su riƙa rage 'ya'yan. Wannan tafki ba zai azurta ka ba, ba kuma zai talauta ka ba. Idan kuwa ciniki kake nufi, tarwaɗa ce, kuma sauran bayanin nan ya fi shafarka.

Na biyu, je ka ga filin a watan Afrilu

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Yawancin mutane a watan Agusta suke yanke shawara, lokacin da kowane kwari ya zama tafki, kwaɗi na kuka. A yawancin ƙasar Hausa ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watannin kuma tafkin ba ya samun komai daga sama, rana da iska ne kawai ke sha. Da bazara, ruwan da ke fili yana iya raguwa rabin santimita zuwa kusan santimita ɗaya a rana, ban da wanda ƙasa ke tsotsa.

Ka ɗauki tafki mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10. Santimita ɗaya a samansa lita 2,000 ce, jarka ɗari ke nan ta lita 20. Cika shi karon farko, in zurfin ruwan ya kai mita ɗaya, yana neman lita kusan 200,000. Wannan kuma kafin a zo maganar canjin ruwa, domin tarwaɗa mai cin abincin buhu tana ɓata ruwa, in ya fara wari dole a zubar da wani kaso a sa sabo.

To daga ina ruwan zai fito? Tambayi tsofaffin wurin, musamman masu noman rani, kamu nawa ake haƙawa kafin a tarar da ruwa a ƙarshen rani. Leƙa rijiyar maƙwabta da idonka. Idan rafi ne, tambaya ko ya taɓa ƙafewa, da kuma abin da ake yi a samansa: gonakin shinkafa da ake yi wa feshin maganin ƙwari, ko marina, ko magudanar masana'anta, kowanne na iya kashe maka kifi a dare ɗaya. Idan kana kusa da magudanar ruwan dam, irin ta Tiga da ke shayar da Kadawa da Kura, ko ta Bakolori a Zamfara, je wurin hukumar raya kogunan yankin ka ji ƙa'idar ɗibar ruwa da lokutan da ake rufe shi don gyara. Idan rijiyar burtsatse ce, kunna injin ya yi awa uku ko huɗu a jere da tsakar bazara, ka auna minti nawa yake ɗauka ya cika durom, a farkon kunnawa da kuma ƙarshe. Rijiya da yawa tana fara feshi da ƙarfi, bayan awa ɗaya ta koma tari. Ka kuma lissafa man fetur ɗin da ka ƙona, ko kuɗin sola in ita za ka sa.

Sai ka dawo a watan Agusta don ɗaya fuskar. Dubi jikin bishiyoyi da katangu, ambaliya tana barin shaida. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a kwarin Haɗeja a 2022 ya san fadama tana iya zama kogi. Ruwa in ya haura bakin tafki, kifinka ya zama na kowa. Wurin da ya fi shi ne mai ɗan gangare, sama da inda ambaliya ke kaiwa, ƙasa da inda ruwanka ke fitowa, yadda zai shiga da kansa ya fita da kansa.

Na uku, gwada ƙasar

Jigawa ba ta riƙe ruwa, laka ke riƙewa. Amma kada saman ƙasa ya ruɗe ka, domin a fadama da yawa laka ce a sama, yashi a ƙasa, kana haƙawa ka huda ta. Haƙa ramuka uku ko huɗu a wurare daban-daban na filin, kowanne ya kai ƙugu ko ya ɗara. Ɗebo ƙasar can ƙasan ramin, ka jiƙa ta, ka dunƙula, ka cilla sama ka cafe. In ta wargaje, yashi ya yi yawa. In ta tsaya, murza ta a tafin hannu ta yi tsawo kamar alli, ka lanƙwasa. Wadda ta lanƙwasu ba ta karye ba, ita ake nema.

Sannan cika ramukan da ruwa da safe. Zuwa yamma za su ragu, domin busasshiyar ƙasa sai ta sha tukuna. Sake cikawa, ka rufe da katako ko zana, ka dawo washegari. In mafi yawan ruwan na nan, ƙasar ta ci. In ka tarar da danshi kawai, kada ka yi gardama da ita. Ana iya shimfiɗa leda mai kauri ko a kawo laka a daɓe, amma wannan wani kuɗi ne, kuma ledar tana hujewa. Mai irin wannan fili gara ya koma tankin tamfol ko na siminti a kusa da gida.

Na huɗu, filin na wane ne

A taƙaice: kada ka haƙa a gonar aro, ko ta jingina, ko gandun da ba a raba gado ba. A ƙarƙashin Dokar Filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar filin karkara, sai ka neme ta, ka kuma sanar da mai unguwa da dagaci. Duba ko akwai burtali ko mashayar shanu a kusa. Buɗaɗɗen ruwa da rani yana kiran garke, shanu kuma in suka tattake bakin tafki ya rushe, rigima ta biyo baya.

Na biyar, lissafin abinci, da alƙalami

Wannan ne ke kayar da waɗanda ruwa da ƙasa suka ƙyale. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwaɗa. Farashi yana sauyawa kowane wata, don haka ba zan kawo naira ba, kai ne za ka je shago ka tambayo. Ga dai yadda lissafin yake.

A ce ka zuba 'ya'yan kifi 1,000. Wasu za su mutu, wasu 'yan uwansu su cinye su, domin tarwaɗa babba tana haɗiye ƙarama. A ce 850 suka kai ƙarshe, bayan wata biyar zuwa shida, kowanne a tsakaice giram 800. Kilo 680 ke nan. Kada ka yi lissafi da kilo ɗaya-ɗaya, ko da mai sayar da 'ya'yan ya rantse, domin a kowane tafki akwai ƙattai kaɗan, matsakaita da yawa, da ragowar da suka ƙi girma. Da abinci mai kyau mai yawo a saman ruwa, kowane kilo na kifi yana cin kilo ɗaya da ɗan ɗori. In muka sa 1.2, kana neman kilo 816, wato buhu 55 na kilo 15.

Ninka 55 da kuɗin buhu na yau. Ƙara kuɗin 'ya'yan kifi, mai, albashin mai gadi, raga, farar ƙasar da ake barbaɗawa a gindin tafki kafin zuba ruwa, da kuɗin mota. Raba jimillar da 680. Abin da ya fito shi ne kuɗin da kilo ɗaya ya ci maka. Kwatanta shi da abin da dillali ke biya a bakin tafki, ba abin da ake sayarwa a kasuwa ba. In tazarar ba ta isa ta mayar maka da kuɗin haƙa a zubi uku ko huɗu ba, a ganina abin bai cancanta ba.

Akwai tarko a cikin buhunan nan 55. Ba a cinye su daidai wa daida. Watan farko kifin ba ya cin abin a zo a gani, mutum ya ɗauka ya samu sana'a mai arha. Wata biyun ƙarshe su ke lamushe fiye da rabi. Wanda kuɗinsa ya yanke a wata na huɗu, sai ya koma ba su hanjin kaji da dusa, girma ya tsaya, ruwa ya ɓaci, ya sayar a wulaƙance. Idan kuɗin buhu 25 kake da shi, zuba kifi 450. Ka kuma tuna da hunturu: tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 30, a Disamba da Janairu kuwa cinta yana raguwa, zubin da ya ratsa sanyi yana ɗaukar lokaci fiye da na bazara.

Na shida, nemo mai saye tun babu kifin

Je kasuwar kifin da ta fi kusa da kai da sassafe, ka zauna da dillalai. Tambaye su girman da suka fi so, domin masu banda sun fi son matsakaita, masu farfesu da gashi manya. Tambaye su ko za su zo har gonarka, da hannu suke biya ko bashi, kuma motarsu na iya shiga hanyarka da damina. Ka lura da lokacin da kifin kogi ke cika kasuwa, farashin na kiwo yakan sauka. Kifin da ya isa sayarwa ba ya jira, kullum sai ya ci, kuma dillali ya san haka sarai. Abin da ke ba manomi bakin magana shi ne iya banda. Mai tukunyar ƙyafe kifi in an taya masa da raini sai ya ce a bari.

Na bakwai, wa zai kwana a wurin

Tafkin da ke nesa da gida, wanda mai shi ke ziyarta ranar Asabar daga birni, da wuya ya yi riba. Kifi yana son ciyarwa sau biyu ko uku a rana, da ido mai gane cewa yau sun taso sama suna haki da asuba fiye da jiya. Ƙanana suna son a riƙa tace su ana ware manyan ciki. Guza na shiga, zalɓe na tsayawa a gefe, maciji da kwaɗi na cin 'ya'ya, ɓarawo kuma da raga ɗaya yake kwashe aikin wata biyar. Buhun abinci ma yana da ƙafa in ba a ƙirga shi. Sai shinge, ba don kifi kaɗai ba: rami mai zurfin mita ɗaya da rabi da gefe mai santsi ya isa ya halaka yaro. A hana yara wanka a ciki, a riƙa nome ciyawar baki, saboda a nan dodon koɗi mai yaɗa tsargiya yake zama, sauro ma haka.

Na takwas, gwada da ƙarami

In filin ya tsallake duk waɗannan, har yanzu kada ka kira mai katafila. Kafa tankin tamfol ɗaya a wurin, ka zuba kifi 200 da suka ɗan tasa, ba 'yan mitsi-mitsi ba, daga wurin ƙyanƙyasar da manoman yankinka suka shaida. Yi amfani da ruwan da za ka yi amfani da shi, da yaron da za ka ɗauka, ka sayar wa dillalin da ka yi magana da shi. Sayi littafi ka rubuta kowane buhu, kowace lita ta mai, kowane kifin da ya mutu. Kafin nan ka nemi malamin gona na sashen kifi a ma'aikatar gona ta jiharku ya auna maka ruwan, tsaminsa ya kamata ya faɗa tsakanin 6.5 da 9 a ma'aunin pH. Mai son horo sosai, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, Jihar Neja.

Bayan wata shida, maye gurbin lambobina da na littafinka ka sake lissafin mataki na biyar. In ya fita, haƙa da rani, lokacin da ƙasa ta bushe kuma leburori ba sa gona. Ƙananan tafkuna biyu sun fi babba ɗaya, don ka samu inda za ka ware kifi, kuma cuta in ta shiga ɗaya ta bar ɗaya. A kwashe ƙasar sama a ajiye gefe, a yi bango da lakar ciki, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana daɓewa. Gefen ya kwanta, kada ya miƙe kamar na rijiya. Gindin ya gangara zuwa inda bututun fitar da ruwa yake, bakin bangon ya ɗara saman ruwa da kamar rabin mita, a dasa masa kiri-kiri ya riƙe ƙasar kafin ruwan farko ya sauka. Ruwan da za ka riƙa zubarwa kuma a ja masa lambatu zuwa fangalin kayan lambu, taki ne.