Ladubban Neman Taimako Domin Aikin Alheri

 

Duk wanda ya saba sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, ko a masallatan Kawo da Unguwar Rimi, ya san yadda ake miƙewa da akwati bayan sallama, ana cewa a taimaki marayu, a taimaki ginin makaranta. Ƙungiyoyin addini ba baƙi ba ne a Kaduna, domin a nan aka kafa Jama'atu Nasril Islam a shekarar 1962, bisa jagorancin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Abubakar Gumi, kuma tun daga lokacin suke ta yawaita. Abin da ya ƙaranta shi ne bayani. Mutum yakan jefa kuɗinsa ya wuce, bai san marayu nawa ba ne, bai san unguwarsu ba, ba kuwa zai ƙara jin labarinsu ba sai wani azumin.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi cewa wasu mutanen ƙabilar Mudar sun iso Madina cikin tsumma, ba su da ko takalmi. Fuskar Annabi (S.A.W.) ta sauya saboda halin da ya gan su. Bayan salla ya yi huɗuba, mutane suka yi ta kawowa har abinci da tufafi suka zama tsibi biyu. Sahabbai sun san su wane ne mabukatan, sun san abin da suka rasa. To, mutumin Malali da bai taɓa taka gidan marayun ba, takardar ƙungiya ce idonsa. Wajibi ne ta faɗa masa yara nawa ne, buhun masara nawa suke ci a wata, nawa ake biyan malaminsu, nawa aka samu, nawa ya rage. Kalmar "fi sabilillahi" gaskiya ce, amma ba ta tsayawa a madadin lissafi.

Bayan karɓa kuma sai a komo da hisabi. Buhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi ya aika karɓar zakka. Da ya dawo aka yi masa lissafi, sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba a kawo masa kome ba. In har an binciki sahabi, babu shugaban ƙungiyar da ya fi ƙarfin a tambaye shi rasit, ko da kuwa wasu na ɗaukar tambayar a matsayin rashin kunya. Takarda guda da aka manna a ƙofar masallaci, mai nuna shiga da fita, ta fi dogon jawabin ranar ƙaddamar da asusu jawo mai bayarwa ya dawo.

A cikin wannan takarda dole ne a raba zakka da sadakar ganin dama. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade kashi 8 na masu cin zakka, kuma malaman Malikiyya ba su halatta a gina masallaci da ita ba. Attajirin da ya fitar da ɗaya bisa 40 na dukiyarsa yana da hakkin sanin ko farillarsa ta isa mahallinta.

Sai dai bayani yana da iyaka. A zamanin nan an ga masu jera zawarawa a rana, kowace riƙe da ƙullin shinkafa, a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook. Masu yin haka sukan kafa hujja da aya ta 271 ta Suratul Baƙara, wadda ta yabi bayyana sadaka. Amma ayar nan ita ce ta fifita ɓoyewa idan matalauci za a miƙa wa, aya ta 264 kuma ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Abin da ya dace a nuna shi ne rijiyar da aka haƙa, da ajin da aka rufe da kwano, da littafin kuɗi. Sunayen waɗanda suka karɓa kuwa a bar su a hannun ma'aji da amintattu biyu ko uku, wanda ya ba da dukiyarsa in yana son tabbaci ya je ofis a buɗe masa.