Intanet a Gida da Ƙaramin Ofis: Kafawa, Gyara da Tsaro

A yau ɗan kasuwa a Ikko, da malamin makaranta a Sakkwato, da akawu a Fatakwal duk sun dogara ga intanet wajen biyan kuɗi, aika wasiƙa da ajiye lissafi. Saboda haka wajibi ne kowane magidanci da shugaban ofis ya san yadda na'urorinsa ke haɗuwa, da abin yi in sun tsaya, da hanyar tsare su daga ɓarayi.

Yadda Abin Yake

Tushen aikin shi ne rauta, watau akwatin da ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa, sa'an nan ya rarraba wa kwamfuta da wayoyin hannu da na'urar buga takardu. Rabon iri biyu ne: ta igiya, wadda kada tsawonta ya wuce mita 100, ko kuwa ta iska, watau Wi-Fi. Zangon 2.4 GHz ya fi kai nisa da ratsa bango. Na 5 GHz ya fi sauri, amma sai a kusa. A ajiye rauta a tsakiyar gida, a wuri mai tudu da iska ke shiga, nesa da ƙarfe, domin zafi da ƙurar hunturu suna rage mata kwana.

In Intanet Ya Tsaya

1. A duba ko akwai wuta, kuma ko fitilun rauta suna ci.
2. A gwada wata na'ura. In ita tana aiki, laifin na ta farkon ne, ba na rauta ba.
3. A tabbata igiyoyi sun zauna daram, kuma data bai ƙare ba.
4. A kashe rauta, a dakata kamar minti ɗaya, a kunna.
5. In duk an yi haka bai gyaru ba, a kira kamfanin. Wanda bai gamsu da amsarsu ba yana iya kai kuka ga Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta lamba 622, kyauta.

Tsaro

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban rautoci da kyamarorin tsaro, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Dalili kuwa shi ne masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. To, lalle ne a sauya ta tun ranar farko, a zaɓi mai tsawo wadda ba sunan ɗa ko ranar haihuwa ba ce. A kulle Wi-Fi da WPA2 ko WPA3, domin tsohon makullin WEP ya daina tsare komai. A riƙa sabunta manhaja. A kuma lura cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Baƙi a ware musu tasu hanya dabam. In hadari ya taso da tsawa, a zare na'urori daga wuta.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan darasi, ya daure ya karantar da maƙwabcinsa.