Darasi na 18: Baba ya sake lababo

Lababo kwano ne na tangaran da ake kafawa a bangon ɗakin wanka, don wanke hannu da fuska. Ruwa mai tsabta yana zubo masa ta robine. Ruwan dauɗa kuma yana fita ta tiyon da ke ƙarƙashinsa.

Lababon gidan su Auta ya tsage, yana ɗiga dare da rana. A Damagaram kuwa ruwa yana da wuya. Duk ɗigon da ya zuba, kwantar ta ƙidaya shi, kuma Baba ne zai biya. Ran Lahadi sai ya sayo sabon lababo, ya kira Auta ya kama masa aiki.

Da farko Baba ya rufe ruwa daga wajen kwantar. Ya buɗe robine, sauran ruwan ya tsiyaye. Auta ya ajiye bokiti a ƙasa. Baba ya ɗauki kile, ya kwance tiyon shigar ruwa da na fita. Sannan suka sauke tsohon lababo a hankali, don fasasshen tangaran yana yanka kamar aska.

Baba ya auna santimetir 85 daga ƙasa, ya ja layi a bango. Ya kafa sabon lababo bakinsa daidai layin. Bai matse ƙusoshin da ƙarfi ba, kada tangaran ya fashe.

Auta ya ɗauki wani tiyo mai lanƙwasa, ya ce:

— Baba, wannan ya karkace. Mu sa miƙaƙƙe mana.

— A'a, Auta, haka aka ƙera shi. Sunansa sifon. Kullum ruwa kaɗan yana kwanciya cikin lanƙwasar. Ruwan nan shi ne ke toshe hanya, ya hana wari da kyankyaso su taso daga ramin dauɗa.

Baba ya sa zoben roba a kowane mahaɗi, ya ɗaure. Da ya buɗe ruwa, sai ya shafa busasshen tsumma a kan mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Wuri guda ya jiƙa tsumman. Ya ƙara matse shi kaɗan, ɗigon ya tsaya.

Tambayoyi
1. Don me Baba ya fara da rufe ruwa?
2. Mene ne amfanin ruwan da ke kwanciya cikin sifon?
3. Yaya Baba ya gane wurin da ke ɗiga?

Lissafi
Robine mai ɗiga yana cika kwano na litir 1 cikin awa 2. Litir nawa ake hasara a kwana ɗaya? Litir nawa a kwana 30?

Aiki
Ku zana lababo cikin littattafanku. Ku nuna robine, da sifon, da hanyar da ruwa yake bi.