Shawarwari ga Iyalan da Za Su Je Funtuwa da Malumfashi da Damina

Dogon hutun makaranta yana faɗowa a watan Agusta, tsakiyar marka, lokacin da iyalai daga Kano, Kaduna da Abuja ke kwasar yara su kai su ganin dangi a Funtuwa, Bakori, Ƙafur ko Malumfashi. Gaskiya ba lokacin baƙi ba ne, don yawancin bukukuwa sai kaka. Amma wanda bai ga ƙasar nan da damina ba, bai san ta ba.

1. Ku tafi da abinci. Kada sunan yankin a noman masara, dawa da auduga ya ruɗe ku. A Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso gida ba, kuɗin hannu kuma sun tafi wajen taki da ’yan ƙwadago. Mutumin da zai cika muku mota da masara da kaka, yanzu da tiya yake awo. Kuma ba zai faɗa ba. Wata shekara na sauka gidan kawuna, mu shida, tsarabarmu biskit da lemon kwalba. Kwana na uku da sassafe na ga yaron gidan yana jan akuya zuwa kasuwa. Na ce, “Kawu, lafiya?” Ya ce, “Ɓarna take yi a gonar mutane.” Sai da muka koma na gane akuyar ce ta ciyar da mu. Ku riƙo shinkafa, mai, sukari da sabulu, a miƙa wa uwargida tun daren sauka. Mai hali ya ƙara da buhun taki, ba a manta wannan tsarabar.

2. Ku bi lokacin manoma. Ana idar da sallar asuba gari ya watse, masu maimai da masu ban ƙasa duk sun nufi gona. Zagayen gaishe-gaishe sai bayan la’asar. In an haɗu, a tambayi “Ya ruwa?”, amsar ita ce “Ruwa ya yi gyara,” ko da ya rushe katanga jiya.

3. Hanya. Daga Zariya zuwa Funtuwa, da kuma wadda ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi, kwalta ce. Matsalar tana farawa inda kwalta ta ƙare. Laka mai danƙo tana riƙe ƙaramar mota kamar tarko, gara a ajiye ta a gari a hau babur. In rafi ya kawo, a zauna a jira ya janye, kada a biye wa direba mai cewa ya saba. Tafiyar dare kuwa a yafe ta gaba ɗaya. Da damina daji ya rufe, dawa ta fi mutum tsayi, kuma ɓangaren Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara ya sha fama da ’yan bindiga. A kira ’yan uwa a waya a safiyar tafiyar, labarin makon jiya ba ya aiki.

4. Gidan sauro, kowane ɗaki da nasa, ku zo da abinku da igiyar ɗaurawa. A watannin damina ma’aikatan lafiya kan bi gida-gida duk wata suna ba yara ’yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. In sun zo kuna nan, ku gaya musu ko yaranku sun riga sun sha na watan a gida. Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi gwaji a ranar.

5. Ruwan sama yana wanko ƙazanta cikin rijiyar da ba ta da murfi, shi ya sa amai da gudawa ke yawa a wannan lokaci. A tafasa ruwan sha. In gudawa ta kama wani, a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kafin a isa asibiti.

6. Yaran birni ba su san maganin feshi ba. Jarkarsa takan kasance a zaure ko bayan ƙofa, wani lokaci a cikin gorar lemo. Ku roƙi maigida ya ɗaga ta sama. Banda shiga ciyawa ba takalmi, banda fita da dare ba tocila, saboda maciji. Hadari ya taso, a shigo ɗaki, ba a fakewa gindin bishiya.

7. Kaya kaɗan masu saurin bushewa, takalmin roba, leda don waya, da rigar sanyi ga ƙananan yara.

8. Ku kai yaran gona ko sau ɗaya. Su ga yadda masara ke goyo, su riƙe fartanya, su ci gasasshiya da zafinta a bakin kunya. A gida akwai kwaɗon rama da na tafasa da ƙuli-ƙuli, ga ɗanyar gyaɗa in ta fara fitowa. Da yamma in gari ya washe, a leƙa madatsar ruwa ta Mairuwa kusa da Funtuwa, amma kallo kawai daga nesa, don a wannan watan cike take.