Dalili Daban, Hujja Daban: Darasi Daga Ficewar Birtaniya Daga Tarayyar Turai

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu ya raba mu gida biyu, ya ce mu yi muhawara da Hausa a kan abin da ya sa mutanen Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Ni aka sa na buɗe fage. Na miƙe na ce ƙin baƙi ne kawai, na zauna. Sai Malam ya ce, "Wannan dalilinsu ne, ko kuwa zarginka ne?" Da yake ba da Hausa na tashi ba, a lokacin kalmomin dalili da hujja da zargi duk ɗaya na ɗauke su. Ɓangarenmu ya sha kaye. Wannan maƙala za ta nuna wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na koyo daga baya.

Taƙaitaccen Tarihi

Birtaniya ta shiga ƙungiyar a 1973. A ranar 23 ga Yuni, 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, inda kashi 51.9 cikin 100, wato kimanin mutum miliyan 17.4, suka zaɓi ficewa. Washegari Firayim Minista David Cameron ya ba da sanarwar yin murabus. Ƙasar ta fice a ranar 31 ga Janairu, 2020.

Dalili

Dalili shi ne abin da ya sa mutum ya aikata abu. Bayan kaɗa ƙuri'a, Lord Ashcroft ya sa an tambayi masu zaɓe sama da 12,000. Cikin waɗanda suka zaɓi ficewa, kashi 49 sun ce babban dalilinsu shi ne a riƙa yanke shawarar da ta shafi Birtaniya a cikin Birtaniya. Kashi 33 suka ce suna son ƙasar ta dawo da iko a kan iyakokinta da shigowar baƙi. Kashi 6 ne kacal suka ambaci ciniki da tattalin arziki.

Ke nan batun baƙi yana ciki, musamman tun 2004 da ƙasashe goma, ciki har da Poland, suka shiga tarayyar, Birtaniya ta buɗe wa ma'aikatansu ƙofa nan take. Amma ba shi ne na farko a bakin masu zaɓen ba. Kuma son a ƙayyade shigowar baƙi daban, ƙin baƙi daban.

Hujja

Hujja ita ce abin da ake kafawa don a gamsar da wani. Masu yaƙin neman ficewa sun rubuta a jikin wata jar bas cewa ƙasar tana tura wa tarayyar fam miliyan 350 duk mako, gara a zuba a harkar lafiya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yana ɓatar da jama'a, domin ba a cire rangwamen da ake yi wa Birtaniya ba, balle kuɗin da ke dawo mata. Hujjar ta yi rauni, amma rauninta bai goge dalilin wanda ya zaɓi ficewa saboda 'yancin yin doka ba.

Zargi

Zargi kuwa shi ne abin da kai ka ɗora wa mutum ba tare da ka ji daga gare shi ba. Shi na yi a aji. Ana iya ƙalubalantar amsar mai zaɓe, domin mutum kan ɓoye abin da ke ransa, amma sai da shaida.

Kammalawa

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka miƙe a muhawara, tambayi kanka: wa ya faɗi wannan, shi mai zaɓen ne, ko ɗan siyasar da ke neman ƙuri'arsa, ko ni? Da na yi wa kaina wannan tambaya, da ban ja wa ɓangarenmu kaye ba.