Darasi: Zane da ɗaukar hoto a bakin tabki

Ƴan ci-rani da suka je Kwatano, Lome ko Abijan sukan dawo da hoton bakin teku a cikin wayarsu. A can, akwai masu zuwa bakin ruwa ranar hutu don su ɗauki hoto ko su yi zane kawai. Daga Sukukutane zuwa teku tafiyar ta fi kilomita 1,000 a mota. Amma ƙasar Arewa tana da tabkuna, tana da duwatsun Dogon Dutsi, tana da fadamar Dallol Mawri. Wanda ya koyi riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci ya riga ya sami hannun zane. Mai iya rubuta "o" ya iya zana bakin rijiya.

Zane ba baƙon abu ba ne a Nijar. A Dabus, cikin jihar Agadas, mutanen da sun sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5. Shekaru dubbai ke nan. Yau wurin hamada ne. Zanen ne ya shaida cewa a da akwai ciyawa da itatuwa a can.

Kayan aiki ba su da tsada: kaye ɗaya, fensir, da ɗan allo na dannewa a kan gwiwa. In babu fensir, gawayin kalgo ya wadatar.

Mai koyo ya sami inuwa ya zauna. Kada ya yi gaggawar zane. Ya fara da kallo. Sa'an nan ya ja layi ɗaya daga hagu zuwa dama, inda ƙasa ta haɗu da sama. Duk sauran abubuwa a kan wannan layi za su zauna.

Wurin da sabon hannu ya fi kuskure shi ne girma. Ido ya san cewa gawo ya fi mutum tsawo, sai hannu ya zana kowane gawo ƙato, ko da yana can nesa. Ga maganin abin. Ya miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya. Ya daidaita kan fensir da kan itacen, ya sa babban yatsa daidai gindinsa. Wannan shi ne ma'auni. Da shi zai auna faɗin ruwa: itace uku ne, ko huɗu? Zai yi mamaki ya ga akuyar da ke kusa ta fi itacen ƙetare girma. Haka zai zana ta. Abin da ke kusa a danna fensir, ya fito baƙi. Abin da ke nesa a shafa shi sama-sama.

Ruwa kuwa ba a cika shi da zane. A bar takarda fara, a ja ƴan gajerun layuka a kwance. Inuwar bagaruwa a cikin ruwa kanta ƙasa yake kallo, kuma in iska ta taso sai ta kakkarye.

Shanu ba su tsayawa jiran kowa. Mai zane ya kama layin baya, da tozo, da ƙaho, kafin saniya ta juya. Ƙahon jar bororo dogo ne, na azawak gajere. Wasu malamai ba su son a zana abu mai rai. Wanda ya bi wannan ra'ayi bai rasa aiki ba: ga ruwa, ga dutse, ga bado, ga itace.

Hoto da wayar salula ya fi sauri, amma shi ma da ƙa'idarsa. Lokacinsa hantsi da la'asar. Da tsakar rana ruwa yana ƙyalli, hoto ya fito fari fat, fuskoki kuma su yi duhu. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa. Ya goge idon waya da ƙyalle mai laushi, tun ba lokacin hunturu ba, da ƙura ta yi yawa. Ya riƙe da hannu biyu, ya manna gwiwar hannu a jiki. Layin ƙetaren ruwa ya miƙe daidai. In ya karkata, sai a ga kamar tabki zai tsiyaye. In abu ya yi nisa, gara ya matsa da ƙafa da ya jawo shi da yatsa, don jawowa tana dushe hoto.

Ba a ɗaukar mutum sai da izininsa. Matan da suka zo wanki ko ɗibar ruwa a bar su, sai in sun yarda. Ba a nuna wa soja ko jandarma waya, ba a ɗaukar wurin aikinsu. Kuma kada son hoto ya sa mutum shiga ruwan tabki, don a irinsa ake kamuwa da tsargiya.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ya fi duka muhimmanci. A ƙarƙashin kowane zane a rubuta sunan wuri da kwanan wata. Misali: "Tabkin gari, 15 ga Oktoba, da hantsi." Zane maras kwanan wata ado ne kawai. Mai kwanan wata shaida ne.

A ƙauyuka da yawa ana gardama a kan tabki. Tsofaffi su ce a da ruwa yakan kai bazara. Samari su ce ko da can haka yake. Makiyayi ya ce gona ta ci burtali. Manomi ya ce iyakarsa ba ta motsa ba. Kowa yana rantsuwa, babu mai abin nunawa. Tabkin Cadi ya sami mai shaida. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Hotunan da aka riƙa ɗauka daga sama, shekara bayan shekara, su suka nuna wa duniya wannan. Tabkin ƙauye babu mai yi masa haka sai mutanensa.

Saboda haka mai koyo ya zaɓi wuri ɗaya, gindin itace ko kan wani dutse da ba ya gusawa. Daga nan zai riƙa zane ko ɗaukar hoto sau ɗaya a wata, yana fuskantar gefe ɗaya. Ya fara daga Satumba, da ruwa ya cika, har ranar da laka ta tsage. Ya rubuta ranar da ruwa ya ƙare. Da damina ta kusa, ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa. Bayan shekara uku ko huɗu kayen zai nuna ko rairayi yana cike tabkin, ko itatuwan baki suna raguwa. Irin wannan kaye ana iya ajiye shi gaban maigari, ko ma'aikatar magajin gari, ko ma'aikatan gandun daji, ranar da ake neman a yashe tabki ko a sake shata burtali.

Waya takan ɓace, takan faɗa ruwa. Hotunan da suka fi amfani a kai su a wanke a Dogon Dutsi, a rubuta kwanan wata a bayansu. Kaye kuma a sa shi cikin leda a rataye, nesa da gara.